ZAUREN 'YAN UWA MATA: Ya Bar Taba, Amma Taba Ba Ta Bar Shi Ba

'Yan uwana mata, amare da uwayen gida, da ku ƙannena 'yan makaranta da kuke karɓar aron wannan mujalla hannu da hannu har sai bangonta ya yage, barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu mai albarka.

A wannan fitowa na so mu ci gaba da maganar kayan lefe, to amma sai ga wasiƙu har uku sun iso a kan magana ɗaya, wato maganar taba sigari. Don haka lefe ya ɗan jira mu tukuna.

Wasiƙar da ta fi taɓa mini zuciya ta fito ne daga garin Illo, can yankinmu na ƙaramar hukumar Bagudo, kuma mai ita ta roƙi in sakaya sunanta. Ta ce an sa ranar aurenta bayan Babbar Sallah. Saurayin yana shan taba tun kafin su haɗu, mahaifinta kuwa ya ce shi ba zai ba mashayin taba 'yarsa ba. Saurayi ya yi alkawari ya bari, yau wata biyu ke nan. To amma tun daga ranar ya zama wani iri. Abu kaɗan sai fushi. In ya zo zance ba ya iya zama wuri ɗaya, sai ta ga yana ta laluben aljihu alhali babu komai ciki. Rannan kuma ta ji warin hayaƙi a rigarsa. Shi ne take tambaya, yaudararta yake yi? Ko son ne ya ragu? Ta faɗa wa Baba ko ta yi shiru?

Ta biyu matar aure ce, ita ma kukanta ke nan a kan maigida. Ta uku kuwa 'yar aji biyar ce a sakandare, ita da kanta ce ta bar shisha, amma ta ce da ta ji ƙamshin nan mai kama da na alewa sai hankalinta ya tashi.

'Yan uwa, a littattafan soyayya da finafinai kun san yadda ake yi. Budurwa ta zubo hawaye, saurayi ya ciro kwalin taba ya wurga cikin kwata, ya ce daga yau ya bari saboda ita, sai a juya shafi a ga ana rabon goron ɗaurin aure. To a zahiri ba haka abin yake ba. Jefar da kwali aikin minti ɗaya ne. Yaƙin gaske daga washegari yake farawa, kuma shi ne nake so mu fahimta yau.

YUNWA BIYU CE, BA ƊAYA BA

Wanda ya bar taba yana fama da abu biyu. Na farko yunwar jiki. A cikin ganyen taba akwai wani sinadari da ake kira nikotin. Da an zuƙi hayaƙi, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya isa ƙwaƙwalwa, mutum ya ji wata 'yar natsuwa. Bayan kamar awa 2 rabinsa ya fita daga jini, sai jiki ya fara neman ƙari. Shi ya sa za ki ga mashayi ba ya daɗewa bai kunna wani karan ba. Ranar da aka yanke shi gaba ɗaya sai jiki ya yi bore: saurin fushi, rashin barci, ciwon kai, kasa tattara hankali, yawan jin yunwa, wani har cikinsa ya ɗaure. Wannan wahala ta fi tsanani a kwana 2 zuwa 3 na farko, sannan ta riƙa sauka cikin mako 2 zuwa 4. Kun ga ashe ita mai wucewa ce.

Na biyu kuwa shi ne sabo, kuma Bahaushe ya gama magana da ya ce sabo turken wawa. Ku yi lissafi da ni. Wanda ke shan kara 10 a yini, in yana zuƙar kowane kara sau 10, to sau 100 ke nan hannunsa ke zuwa baki a rana ɗaya, sau 36,500 a shekara. Kuma ba a sarari kawai yake yi ba. Yana yi ne bayan ya ci abinci, ko da kofin shayi a hannu, ko in ransa ya ɓaci, ko a kan wani benci tare da wasu mutane. A hankali ƙwaƙwalwa sai ta ɗaure taba da waɗannan abubuwa tamau, kamar yadda ake ɗaure akuya a turke. Ko da nikotin ya daɗe da barin jini, da mutum ya zauna a kan bencin nan sai ƙishin taba ya taso masa kamar jiya ya bari. Ita wannan yunwa ta biyu tana iya bin mutum watanni, wani ma shekaru. Maganinta shi ne a san turakun, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana tugewa.

YADDA ABIN YAKE A BAKIN IYAKA

Bari in ɗan kai ku yankinmu, don na san da yawa daga cikinku na Kano da Zariya da Katsina ba ku taɓa zuwa ba. Bagudo tana cikin Jihar Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991. Kogin Kwara ya ratsa ƙasar, kuma mun yi iyaka da Jamhuriyar Benin. In ka bi ta Ka'oje ka isa Tsamiya, da ka tsallaka sai ƙasar Segbana, daga can hanya ta miƙe zuwa Kandi. In kuma ka bi ta Illo da Lolo, to ka doshi ɓangaren Malanbil, garin nan mai babbar kasuwa da ke fuskantar Gaya ta Nijar. Mazajenmu da yayyenmu da yawa a kan waɗannan hanyoyi suke neman abinci: direbobi, 'yan kabu-kabu, 'yan dako, masu jirgin ruwa, masunta, fataken dabbobi da na hatsi.

To duk wanda ya san bakin iyaka ya san rabin aikinsa jira ne. A jira mota ta cika, a jira a duba takardu, a jira mai canjin sefa, a jira gari ya waye. Ga sanyin kogi da asuba lokacin hunturu, ga tuƙin dare, ga teburin mai shayi kusa da mai tireda. Dokar hana yaɗuwar shan taba da Najeriya ta yi a 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ita ma Benin ta yi tata dokar a 2017. Amma kowa ya san a tasha da bakin hanya kara ɗaya bai fi ƙarfin canjin da ke aljihu ba. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, na ga da idona yadda samari da yawa suka koma zaman majalisa tun safe har dare, ba aiki sai tunani, kara na bin kara. Wanda yake son barin taba a irin wannan wuri, wallahi sai an taya shi.

Ba kuma mu kaɗai ba ne. Binciken da aka yi a kan manya a faɗin Najeriya a 2012 ya nuna kusan namiji 1 cikin 10 yana amfani da taba, mata kuwa kusan 1 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 duk shekara, kuma fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba ma su sha, hayaƙin wasu kawai suke shaƙa. Su wane ne waɗannan? Ai mu ne mata da 'ya'yanmu da ke kwana ɗaki ɗaya da mashayi.

LITTAFIN MATAR YAYA

Ina da wani yaya, ɗan kawuna, direba ne a wannan hanya ta Tsamiya. Shekara 11 ya yi yana shan taba. Ba wa'azin da ba a yi masa ba, Inna har kuka ta yi, a banza. Abin da ya karya masa zuciya shi ne 'yarsa ta goye da ta yi ta tari da shessheƙa, da aka kai ta asibiti likita ya dube shi ya ce, “A gidan nan wa ke shan taba?” Yaya ya ce ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. A ranar ya bari.

Mako uku bayan nan na je gidan, na tarar da shi zaune a ƙofar ɗaki ya haɗa kai da gwiwa. Na ce, “Yaya, lafiya? Ai na ɗauka yanzu an wuce wurin.”

Ya ce, “Ke dai bari ƙanwata. Mi zan ce miki? In ina gida ina wasa da yara, wallahi mantawa nake yi. Amma da na shiga mota na murɗa makulli, sai in ji hannuna ya tafi aljihu da kansa. Ni yanzu ba tabar ce ke kirana ba, wuraren ne ke kirana.”

Matarsa mace ce mai hankali, iyakarta firamare amma ta fi wasu masu digiri dabara. Sai ta yago tsakiyar littafin rubutun ɗansu ta ba shi da guntun fensir. Ta ce, “Maigida, kwana uku kacal nake roƙo. Duk sa'ad da ƙishin ya taso, ka rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa ne, ina kake, da wa kake, kuma me ke ranka.” Ya yi dariya ya ce an mai da shi ɗan makaranta, amma ya karɓa.

Da kwana uku suka cika muka zauna mu uku muka duba. 'Yan uwa, abin mamaki, shi da yake cewa ƙishin ba ya barinsa dare da rana, sai ga shi a takarda wuri shida ne kawai suke ta maimaita kansu: shayin safe a tasha, tayar da mota, layin jira a bakin iyaka, bayan cin abinci, bayan cacar baki da fasinja, sai majalisar bayan Isha'i. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, “Ashe abokan gabar tawa ma ƙirguwa suke yi.” Daga nan aka bi su ɗaya-ɗaya, kuma abin da suka yi shi ne zan jero muku, haɗe da abin da masana lafiya suke faɗa.

Na ɗaya, a san cewa ƙishin taba kamar igiyar ruwa yake. Yana tasowa, ya kai ƙololuwa, ya faɗi. Yawanci bai wuce 'yan mintoci, ko an sha ko ba a sha ba zai wuce. Don haka kada mutum ya ce wa kansa “har abada ba zan ƙara ba”, wannan magana nauyi gare ta. Ya ce, “bari in jira minti 10.” Cikin mintocin nan ya ja numfashi mai tsawo ta hanci ya sake shi a hankali ta baki, ya kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan, ya tashi daga inda yake. Yaya yakan fita daga mota ya zagaya ta yana duba tayoyi, ko ya je ya yi alwala. Kafin ya dawo abin ya lafa.

Na biyu, turken da za a iya kauce masa, a kauce. Shayin safe ya dawo gida, matarsa na dafa masa kafin ya fita, don teburin mai shayin tasha yana manne da mai tireda. Majalisar dare ya ɗan jingine ta wata biyu. Ba gaba ya yi da kowa ba, yana wucewa ya yi sallama a tsaye, ya ce iyali na jira. Abokin kirki zai gane. Wanda kuwa ya riƙa miƙo masa kara yana cewa “ɗaya dai ba ta kisa”, to wannan an san matsayinsa.

Na uku, turken da ba shi kautuwa, a canza masa igiya. Direba ba zai daina tayar da mota ba, ba kuma zai daina jira a layi ba. Sai aka ba hannu da baki wani aikin. Asuwaki ya koma zama a aljihun da kwali yake zama a da. A gaban mota aka ajiye gorar ruwa da ƙullin soyayyar gyaɗa, wani lokaci aya ko goruba ko guntun rake. Kanumfari ko ɗanyar citta a baki suna taimaka wa wasu, don suna ba harshe ɗan zafin da ya saba ji. Carbi ma yana riƙe yatsu. Bayan cin abinci kuwa, doka ɗaya ce: da an cire hannu a tashi, a wanke baki, a ɗan taka. Zaman nan na jingina da bango bayan an ƙoshi shi ne babban tarko.

Na huɗu, a raba gida da mota da duk abin da ke tuna taba. Ashana da laita da ke aljihu, tokar da ta maƙale a mota, tsohon kwalin da aka ɓoye “saboda ko ta kwana”, duk a fitar. A wanke riguna da hula da labule da zanen gado, a shanya katifa. Hanci yana da dogon tunani, wari kaɗan ya isa ya tayar da tsohon zance.

Na biyar, a yi hattara da goro da shayi mai ƙarfi da kofi. Mutane da yawa da sun bar taba sai su koma cin goro babu ƙaƙƙautawa. To ga abin da ba kowa ya sani ba: hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin fitar da sinadarin da ke hana barci wanda ke cikin goro da shayi da kofi. Da an bar taba, sai wannan sinadari ya riƙa daɗewa a jiki fiye da da. Goron da mutum ya saba ci lafiya lau, yanzu sai ya sa masa bugun zuciya da rawar hannu da rashin barci, shi kuma ya ɗauka rashin taba ne ke damunsa. Don haka ragewa ake yi, musamman daga La'asar zuwa dare.

Na shida, a tanadi amsa tun kafin a yi tayi. Mai cewa “ina ƙoƙarin bari” ya bar ƙofa a buɗe, za a yi ta lallashinsa. Ya ce, “Na gode, ba na sha.” Gajere, ba tare da dogon bayani ba.

Na bakwai, kuɗin taba a ba shi gida. Matar Yaya ta samo asusun gwangwani, kullum da dare ya jefa abin da da zai ƙone a yinin. Da aka fasa shi kafin Sallah, da shi aka yi wa yara ɗinki. Ido yana son ya ga ribar wahalarsa.

RANAR DA AKA YI TUNTUƁE

Kada ku ɗauka tafiyar ta yi sumul. Wajen kwana 50 da bari, mota ta lalace masa da dare a daji tsakanin Tsamiya da Segbana, ga sanyi, ga fasinja na ta masifa. Wani direba da ya tsaya taimako ya miƙo masa kara, ya karɓa. Da ya dawo gida bai ɓoye ba, ya ce, “Na karya.” Da wata ce da sai ta ɗora hannu a kai ta tara masa maƙwabta. Ita kuwa cewa ta yi, “Kara ɗaya ka ƙone Maigida, ba kwana hamsin ka ƙone ba. Kawo takardar nan mu ƙara na bakwai.” Aka rubuta “lalacewar mota da dare”, tun daga ranar ba ya tafiyar dare sai da fulas ɗin ruwan citta. Yanzu ya haura shekara 2, tarin 'yar nan kuwa ya yi sauƙi ƙwarai.

Ku lura da kyau, ban ce kara ɗaya ba komai ba ne. Mafi yawan waɗanda suka koma ruwa da “ɗaya kawai” suka fara. Abin da nake cewa shi ne, in an yi tuntuɓe a tashi a ranar, kada a ce tunda an jiƙe bari a yi wanka. Da yawa daga waɗanda suka rabu da taba har abada sai da suka gwada sau da dama kafin su dace.

Wanda kuma abin ya fi ƙarfinsa, zuwa asibiti ba abin kunya ba ne. Akwai cingam na nikotin da filastar da ake mannawa a fata, suna rage yunwar jiki ba tare da hayaƙi ba, akwai kuma ƙwayoyin da likita kaɗai ke rubutawa. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ga likitoci a kan wannan, inda ta nuna haɗa magani da shawarar ma'aikacin lafiya ya fi kowane ɗaya shi kaɗai. Amma don Allah kada a je kemis a sayi abin da aboki ya faɗa. Mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon zuciya kuwa, lallai sai da izinin likita. Kuma garin taba na shaƙa ko na matsawa a baki ba mafita ba ne, nikotin ɗin ne dai ya sake riga.

Ga abin ƙarfafa gwiwa da za ku riƙa tuna musu. Minti 20 da barin taba bugun zuciya yake fara sauka. Cikin awa 12 gubar hayaƙin da ke hana jini ɗaukar iska ta koma daidai. Daga mako 2 zuwa 12 gudun jini da aikin huhu suna inganta. Daga wata 1 zuwa 9 tari da haki suna raguwa. Bayan shekara 1 haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi. In kuma kin ga ya ɗan yi ƙiba kada ki tsokane shi, da yawa sukan ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, don baki ya dawo da jin daɗin abinci. A rage zaƙi da maiƙo, a yawaita tafiya da ƙafa.

Watan azumi ma babbar dama ce. Wanda ya iya yini tun asuba har faɗuwar rana bai kunna ba, ya riga ya nuna wa kansa zai iya. Wurin haɗarin shi ne bayan buɗa-baki. Nan ne za ki cika masa hannu da dabino da kunu, ki ja shi da hira har a kira Isha'i.

AMSA GA MASU WASIƘA

'Yar uwata ta Illo, saurin fushi da laluben aljihu ba alamar son ya ragu ba ne, alama ce ta mutumin da ke cikin kokawa. Warin riga kuma ba hujja ba ce, mai zama a tasha ko majalisa yana iya kwaso hayaƙin wasu. Kada ki zama 'yar sanda mai shinshina riga, wannan ɓoyo kawai yake koya wa namiji. In ya zo zance ki tambaye shi cikin ladabi, ido da ido: “Wane lokaci ne abin ya fi yi maka wuya? Da me zan taimaka?” Sannan ki auna shi da abu biyu. Yana faɗa miki gaskiya ko da ba daɗi? Kuma ya yarda ya canza wurin zama da abokan zama? In amsar e ce, to ki riƙe shi, mai neman fita ne. In kuwa kin kama shi da ƙarya sau ɗaya, sau biyu, yana rantsuwa yana maimaitawa, to matsalar ta wuce taba. Kada ki rufe wa iyayenki, ki fara da Inna ko wata gwaggo mai hankali ta san yadda za ta kai wa Baba. Gara a ɗaga rana da a gina gida a kan ɓoye-ɓoye. Ke kuma uwargida mai wasiƙa ta biyu, wannan amsa har da ke, sai dai ki ƙara da sharaɗi ɗaya da ba sassauci: ko ya yi tuntuɓe, ba a ɗaki ba, ba kusa da yara ba.

Ƙanwata 'yar aji biyar, na jinjina miki, kin yi abin da manya suka kasa. Ki sani ruwan da ke cikin tukunyar shisha ba ya tace guba, gawayin da ake ɗorawa ma ƙara tasa yake yi, ƙamshin kuma tarko ne kawai. Turakunki ba su da wuyar ganewa: wasu ƙawaye, wasu gidajen biki, da hotunan da ake turo miki a waya. Ki yi takardarki ke ma. Ɗakin da ake kunnawa kada ki shiga ko da sunan rakiya. Duk wadda ta ce ki maye gurbinta da maganin tari ko wata ƙwaya, ki guje ta, ba banza gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 ba. Ki sami babba guda ɗaya da kika amince da ita, yaya ko malama, ki faɗa mata, don sirrin da mutum ke ɗauke da shi shi kaɗai ya fi nauyi.

'Yan uwa, ranar 31 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da shan taba ta duniya, amma wanda ke kokawa da sabo kullum ranarsa ce. Gori da habaici ba su taɓa tuge turke ba. Abin da ke tuge shi haƙuri ne da lura da addu'a, da kuma mutum ɗaya a gida da zai ce “sannu da ƙoƙari” a ranar da ba wanda ya ga ƙoƙarin. Sannu sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya yaye wa duk mai fama, Ya tsare mana zuriya, Ya ba mu mazaje nagari masu gaskiya.

A fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu za mu koma kan lefe, da tambayar nan da ta daɗe tana jira: akwati nawa ne ya isa? Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku ta hannun edita. Sai mun sake saduwa, taku ce har kullum mai ƙaunarku. Wassalam.